Sauyin ƙa'idar sola a Kalifoniya: abin da koken jama'a ya hana da abin da ya kasa hanawa

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ni mazaunin Fresno ne a jihar Kalifoniya, kuma bara Allah ya hore mini na sayi gida. Maƙwabcina ya kafa sola a rufinsa tun 2021, kuɗin wutar da yake biya bai taka kara ya karya ba. Da na nemi a yi mini irin nasa, sai kamfanin ya ce ƙa'ida ta sauya, kuma idan ban haɗa da batir ba, ba zan ga amfanin kuɗina da wuri ba. A 2022, ina gidan haya, na sa hannu a takardar koke ta neman kada a sauya ƙa'idar, amma ga shi an sauya. Shin ihunmu ya tashi a banza ke nan? Kuma har yanzu akwai riba a kafa sola?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a gidan, ya sa a shige shi da ƙafar dama. Tambayarka gida biyu ce: ta farko ita ce ko ra'ayin jama'a yana da wani tasiri idan hukumar jiha ta tashi sauya ƙa'idojin tallafin sola, ta biyu kuma ita ce abin da ya kamata mai gida irinka ya yi a ƙarƙashin sabuwar ƙa'ida. Kafin in shiga bayani, ya dace ka san matsayina. Sana'ata ce zana tsarin sola na gidaje da ƙananan shaguna a yankin da kamfanin PG&E ke bai wa wuta, wato yankin da Fresno take ciki, saboda haka ina da abin da zan samu ko in rasa a wannan magana, kuma sai ka auna kalamaina da wannan sanin.

Yadda tsohon tsarin yake

Abin da maƙwabcinka yake mora shi ne tsarin da ake kira NEM, wanda ya samo asali daga dokar da majalisar jihar ta yi a 1995. Ma'anarsa mai sauƙi ce. Da rana farantan sola suna samar da wutar da ta fi ƙarfin buƙatar gida, sai rarar ta koma kan layin kamfani, mita ta ƙirga ta, a rubuta wa mai gida ladanta a kan kusan farashin da shi ma yake sayen wuta. Idan ya tura yunit goma da rana, ya jawo goma da dare, kusan an yi canjaras. A 2006 Gwamna Arnold Schwarzenegger ya sa hannu a dokar rufin gidaje miliyan ɗaya, aka ware biliyoyin daloli na tallafin kai tsaye, kuma a 2019 aka cim ma wannan adadi. A Janairun 2016 hukumar CPUC, wadda ke kula da kamfanonin wuta masu zaman kansu a jihar, ta fito da NEM 2.0, ta ƙara ɗan kuɗin haɗa layi da wasu ƙananan caji na senti biyu zuwa uku a kan kowane yunit da aka jawo, ta kuma wajabta farashi mai hawa da sauka bisa sa'o'in yini. Duk da haka ginshiƙin tsarin bai motsa ba, kuma an yi wa duk wanda ya shiga alkawarin shekara 20 a kan ƙa'idar da ya shiga da ita. Maƙwabcinka yana da wannan alkawari har zuwa 2041.

Dalilan da suka kawo sauyi

Dalili na farko yana cikin hasken ranar kansa. Lokacin da masu sola ba su da yawa, wutar tsakar rana tana da daraja. Da manyan gonakin sola suka cika hamadar jihar, rufin gidaje sama da miliyan ɗaya da rabi kuma suka shigo, sai wutar tsakar rana ta yi yawa har farashinta a kasuwar sari ya kan faɗi ƙasa warwas, musamman a watannin Maris da Afrilu da babu buƙatar na'urar sanyaya ɗaki. Daga ƙarfe huɗu na yamma zuwa tara na dare kuwa, rana ta sauka, jama'a sun dawo gida, sai an tayar da tashoshin iskar gas masu tsada. Tun 2013 hukumar da ke tafiyar da babban layin wutar jihar ta zana wannan matsala a jadawalin da aka yi wa laƙabi da agwagwa saboda siffarsa. Yunit ɗin da ka tura da azahar da wanda ka jawo da magariba sunansu ɗaya, amma kuɗinsu a wurin kamfani ya sha bamban.

Dalili na biyu shi ne wanda aka fi rigima a kansa. Babban kaso na kuɗin da ake cajinka a kan kowane yunit yana tafiya ne wajen turaku da wayoyi da taransifoma, da sare itatuwa a gefen layi, da binne wayoyi a yankunan da gobarar daji ke yawan tashi, da rangwamen da ake yi wa masu ƙaramin ƙarfi. Bayan gobarar da ta cinye garin Paradise a 2018, wadda ta kai PG&E ga neman kariyar fatara a Janairun 2019, waɗannan kuɗaɗe sun yi tashin gwauron zabi. Masu neman sauyi suka ce wanda sola ta share masa bil ya daina biyan kasonsa na wannan ɗawainiya alhali da dare yana kan layin, nauyin sai ya koma kan 'yan haya da marasa halin kafa sola. Ofishin kare masu amfani da wuta da ke cikin CPUC ya ƙiyasta wannan nauyi a kan dala biliyan 8.5 a shekarar 2024. Ƙungiyoyin masu sana'ar sola ba su yarda da lissafin ba, suna cewa ya ɗauki wutar da mutum ya samar ya sha a gidansa tamkar asara ce ga kamfani, kuma bai ƙirga layukan da aka huta ginawa ba saboda rufin gidaje ya ɗauke wani ɓangare na buƙata.

Ni a ganina akwai ƙamshin gaskiya a maganar nauyin, domin na ga bil ɗin 'yan haya a Fresno a watan Yuli, na kuma ga na masu manyan gidaje da sola, kuma bambancin yana taɓa zuciya. Inda na saɓa da su shi ne ɗora wa sola laifin tsadar wuta gaba ɗaya, alhali abin da kamfanoni ke kashewa a kan layuka, wanda kuma a kansa suke samun ribarsu, shi ne ya fi hauhawa.

Abin da ihunku ya hana

A watan Agustan 2020 CPUC ta buɗe zaman duba tsarin. A ranar 13 ga Disamban 2021 aka fitar da daftarin hukunci na farko, kuma yana da kyau ka san abin da ke cikinsa, domin a nan amsar tambayarka ta farko take. Daftarin ya nemi a rage ladan wutar da ake turawa, ya nemi a ɗora wa sabon mai sola cajin dala 8 a wata a kan kowane kilowat na farantansa, wanda ga gida mai kilowat shida ya kama dala 48 kowane wata, sannan ya nemi a zaftare alkawarin shekara 20 na waɗanda suka riga suka kafa ya koma 15. Jama'a suka yi ca. A Janairun 2022 ma'aikatan sola da masu gidaje suka yi gangami a San Francisco da Los Angeles, takardun koke irin wadda ka sa wa hannu suka yi ta kwarara, tsohon Gwamna Schwarzenegger ya rubuta a jarida yana kiran cajin haraji a kan rana, Gwamna Gavin Newsom kuma ya fito ya ce daftarin yana buƙatar gyara. Aka ɗage ƙuri'a. Da sabon daftari ya fito a ranar 10 ga Nuwamban 2022, babu cajin dala 8 a ciki, ba a kuma taɓa shekara 20 ɗin tsofaffin masu sola ba. Kwanciyar hankalin da maƙwabcinka yake ciki a yau, sa hannunka yana cikin abin da ya tsare masa ita.

Abin da koken bai iya hanawa ba shi ne rage farashin wutar da ake turawa. A ranar 15 ga Disamban 2022 kwamishinonin hukumar su biyar suka amince da hukuncin baki ɗaya, bayan sa'o'i ana sauraron jama'a ta waya, kowa da ɗan taƙaitaccen lokacinsa. Na saurari zaman daga ofis, kuma na ji masu magana da yawa suna maimaita jimla guda da aka raba musu a rubuce. Duk wanda ya shigar da takardar neman haɗa layi daga 15 ga Afrilun 2023 ya faɗa sabon tsari, wanda jama'a ke kira NEM 3.0. A lissafin masu sana'ar, matsakaicin lada ya sauko daga wajen senti 30 zuwa wajen senti 8 a kan yunit, ragin kusan kashi 75 cikin ɗari.

Dalilin da ya sa koke ya ci nasara a wuri biyu ya kasa a na uku yana cikin yadda hukumar ke aiki, kuma wannan ne abin da na fi so ka riƙe. Zaman CPUC ya yi kama da shari'a. Akwai alƙalin hukuma da ke jagoranta, akwai kuma ɓangarorin da aka amince da su a hukumance, irin su kamfanonin wuta uku, wato PG&E da SCE da SDG&E, da ƙungiyar masu sana'ar sola ta jihar, da ƙungiyoyin kare masu biyan kuɗin wuta irin su TURN, da na kare muhalli. Waɗannan su ne ke gabatar da shaida da alƙaluma, ana yi wa shaidunsu tambayoyi, kuma dole hukunci ya tsaya a kan abin da ke cikin wannan kundi, domin shi kotu za ta duba idan an ƙalubalance shi. Ra'ayin jama'a ana karɓarsa, ana karantawa, ana kuma taƙaita shi a cikin hukunci, amma nauyinsa na siyasa ne, yana gaya wa kwamishinoni da gwamnan da ya naɗa su abin da jama'a ba za su haɗiye ba. Caji sabo fil da karya alkawari abubuwa ne da kowa ke ganewa cikin jimla ɗaya, shi ya sa suka faɗi. Farashin turawa kuwa an ɗaure shi ne da wani ma'aunin lissafi da ke ƙiyasta abin da kamfani ya huta kashewa saboda yunit ɗinka, kuma ana gina wannan ma'auni ana sabunta shi a wani zama daban, wanda da wuya ka ga wani a cikinsa in ba lauyoyi da masana tattalin arziki ba. Lokacin da dubban mutane suka taru a kan daftari, an riga an daɗe da ɗora harsashin lissafin, sai koken ya zama kamar ihu bayan hari ta wannan fuska.

Wasu jihohin sun nuna irin wannan. A Disamban 2015 hukumar Nebada ta rage lada ta kuma ƙara caji har a kan waɗanda suka riga suka kafa, manyan kamfanonin sola suka tattara nasu ya nasu suka bar jihar, fushin jama'a ya sa aka mayar wa tsofaffin masu sola haƙƙinsu a 2016, majalisa kuma ta dawo da tsarin a 2017 a kan kashi 95 cikin ɗari na farashin saye, yana sauka mataki-mataki zuwa 75. A Fulorida gwamna ya ƙi sa hannu a dokar rage ladan a Afrilun 2022. A nan Kalifoniya ma, a 2025 an gabatar da ƙudurin AB 942 da nufin mayar da shekara 20 ɗin nan zuwa 10, kuma an cire wannan sashe bayan masu sola sun cika majalisa da kira da wasiƙu. Ƙungiyoyin muhalli uku kuma sun kai hukuncin 2022 kotu, kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan hukumar a Disamban 2023, amma a Agustan 2025 kotun ƙolin jihar ta ce an yi wa hukumar sassauci fiye da kima wajen duba hukuncinta, ta mayar da shari'ar a sake dubawa. Wannan umarni bai soke sabon tsarin ba, don haka kada ka gina lissafin gidanka a kan fatan dawowar tsohon farashi.

Idan za ka sake magana

Za a sake buɗe irin wannan zama, kuma shawarata ita ce ka shiga tun icce yana ɗanye. Kowane zama yana da lamba da shafi a intanet inda ake ajiye ra'ayin jama'a, akwai kuma ofishin mai ba jama'a shawara a hukumar wanda aikinsa ke nan ya nuna maka hanya kyauta. Bayan fitar daftari ɓangarori suna da kwana 20 su yi sharhi, kuma ba a kaɗa ƙuri'a sai kwana 30 sun cika, amma mafi amfanin lokaci shi ne farkon zama, sa'ad da ake tantance batutuwan da za a duba. Ka rubuta da bakinka, ka faɗi garinku, da yawan mutanen gidanka, da abin da ka biya a Agusta, da abin da wani sashe takamaimai zai yi maka. Wasiƙa ɗaya irin wannan lauyan ƙungiya zai iya ɗauko ta ya kafa hujja da ita. Ka kuma nemi ƙungiyar da take da kujera a zaman wadda ra'ayinta ya zo daidai da naka ka mara mata baya, domin jihar tana da tsarin biyan kuɗin lauyoyi da masana ga ƙananan ƙungiyoyin da suka ba da gudummawa mai ma'ana ga hukunci. Abin da ya fi damuna a zaman da ya gabata shi ne ƙarancin muryar mutane irinka a lokacin, wato 'yan hayan da ke fatan mallakar gida. Kowane ɓangare ya yi magana da sunansu, su kansu ba a ji su sosai ba.

Lissafin gidanka

Maganar da kamfanin ya gaya maka game da batir tana kan hanya. A sabon tsari lada yana sauyawa bisa wata da sa'a da kuma ranar aiki ko ta hutu, har farashi 576 a shekara. Da tsakar ranar Afrilu senti kaɗan ne, amma a wasu sa'o'in yammacin Satumba yakan haura dala guda a kan yunit. Ɗauki misalin gidan da farantansa ke ba da yunit 30 a yini, ya sha 12 da rana, ya tura 18. A tsohon farashi wannan rara ta kai dala 5.40, a senti 8 kuwa ba ta kai dala ɗaya da rabi ba. Idan akwai batir da zai riƙe yunit 13 daga ciki, mai gidan zai sha su tsakanin huɗu da tara, lokacin da wutar kamfani ta fi tsada, ya huta saye. Ribar ta tashi daga sayarwa ta koma kan ƙin saye. Shi ya sa masu haɗa batir suka tashi daga kusan kashi 10 cikin ɗari na sababbin masu kafawa zuwa kusan 60 a shekarar farko. Wanda ya san yadda ake sola a Kano ko Maraɗi ba zai ga baƙon abu a nan ba, tun da can da inbata da batir ake farawa, sai dai can rashin wuta ne ya kawo haka, nan kuma farashi.

Ba zan manta da makon ƙarshe kafin 14 ga Afrilun 2023, ranar ƙarshe ta shiga tsohon tsari, ba. Wani dattijo ɗan fansho ya shigo ofishinmu da ambulan mai ɗauke da bil goma sha biyu, ya jera su a kan tebur wata bi wata, ya sa yatsa a kan na Yuli ya ce wannan ne yake hana shi barci. Da muka hau rufinsa muka tarar katakon ya ruɓe ta gefen yamma, sai an sake shi, kuma bai da tabbacin kuɗin aikin, saboda haka bai yarda ya sa hannu a kwangilar da za a shigar da takarda da ita ba. Wa'adin ya wuce shi. Bayan wata takwas ya dawo, muka sauke bayanan mitarsa na sa'a-sa'a, muka ga shi da mai ɗakinsa suna gida duk yini, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki tun hantsi. Muka yi masa ƙaramin tsari, muka karkata rabin farantan zuwa yamma domin su kama ranar la'asar, muka haɗa batir guda. Ya mayar da wanki da kunna injin wanke kwanuka zuwa azahar. Bai samu abin da maƙwabcinka ke samu ba, amma bil ɗin Yuli ya daina hana shi barci. Gidan da kowa ke fita aiki da safe ba ya dawowa sai magariba lissafinsa daban ne, kuma a can batir ya fi zama dole.

Hukumar ta ƙiyasta cewa sabon mai sola zai mayar da kuɗinsa cikin kimanin shekara tara, amma an yi wannan ƙiyasi ne lokacin da gwamnatin tarayya ke yafe kashi 30 cikin ɗari na kuɗin kafawa daga harajin mai gida. Dokar da aka sa wa hannu a ranar 4 ga Yulin 2025 ta kawo ƙarshen wannan rangwame ga masu sayen nasu daga ƙarshen Disamban 2025, don haka duk takardar farashin da ta sa shi a lissafi bayan wannan rana ka mayar wa mai ita. Akwai kuma tsayayyen cajin dala 24.15 a wata da CPUC ta amince da shi a Mayun 2024 ga akasarin gidaje, da sola ko babu, tare da ragi zuwa dala 6 ko 12 ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma farantai ba sa share shi. A ɗaya gefen, wanda ya shiga cikin shekaru biyar na farkon tsarin ana kulle masa jadawalin ladansa na shekara tara, kwastomomin PG&E da SCE suna samun ɗan ƙari a kan lada wanda ke raguwa ga masu shigowa kowace shekara, sannan shirin tallafin jiha mai suna SGIP ya riƙa tallafa wa sayen batir, musamman ga masu ƙaramin ƙarfi da mazauna yankunan gobara. Batun haraji da na kwangilar hayar farantai, inda kamfani ne ke mallakar kayan da ke rufinka shekara 20 ko fiye, ka kai su ga akanta ko lauya, domin ba fagena ba ne. Duk abin da na faɗa kuma ya shafi yankin kamfanonin nan uku ne, Sacramento da birnin Los Angeles suna da kamfanonin wuta na gwamnati masu nasu ƙa'idoji.

Kafin ka sa hannu, ka sauke bayanan mitarka na shekara guda daga shafin kamfanin wuta, ka ba kamfanonin sola uku, ka ce kowanne ya yi maka lissafi biyu a kansu, da batir da kuma babu, ya rubuta ƙarara farashin turawar da ya yi amfani da shi da kuma kashi nawa ya ɗauka wuta za ta riƙa tashi a shekara, domin a wannan layi na ƙarshe ake yawan kumbura riba. Ka duba lambar lasisinsu a shafin hukumar 'yan kwangila ta jiha, ka karanta takardar kare mai saye da doka ta wajabta su ba ka kafin a haɗa layi, kuma ka sa a hau rufin a duba shekarunsa, domin sauke farantai a sake rufi bayan shekara biyar yana cinye ribar shekaru. Idan a gidanka aka ƙulla cinikin, kana da kwanakin aiki uku na janyewa ba tare da tara ba, biyar ga wanda ya kai shekara 65.